Tumatir a Gorar Roba

A garin Tama, idan tumatir ya tashi nuna, gaba ɗaya yake nuna kamar an yi masa shela. Kowace garka a kwarin ta yi jajawur, kowa na da shi, ba mai saye, har jakuna sukan gaji su kau da kai. Maganin abin tun kakanni shi ne kauda. A tsaga tumatir biyu, a shanya a kan duwatsu, rana ta busar da shi, a ɗura a buhu, a yi ta miya da shi har damina ta wuce. Aiki ne na ciwon baya da korar awaki, amma ba a taɓa jin ya ba wata mace kunya ba.

Rufaida ce ta zo da sabon salo. Mijinta Surajo yana cin rani a Abijan, shi ya aiko mata da salula babba mai shafawa. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har kolej kafin aure, saboda haka Faransanci bai yi mata duhu ba. Sai ta buɗe wa matan unguwa zaure a watsaf, ta sa masa suna Tukunyar Mata. Takan nemo bidiyon girki mai sauƙi, ta kalla, sannan ta maimaita shi da Hausa a saƙon murya, tunda yawancin matan ba su karatu. Daga mata bakwai aka fara. Kafin shekara ta zagayo sun kai arba'in da wani abu, har da na Bouza da na Keita.

Tana da dabararta. Duk abin da matar bidiyo ta ambata wanda babu shi a Tama, sai Rufaida ta musanya shi da abin da ke akwai. An ce a gasa a murhun lantarki, ita ta ce a zuba rairayi a gindin tukunya. An ce man kanti, ita ta ce man gyaɗa. An ce lemon tsami, ita ta ce tsamiya. Kuma duk ya yi. Gato, wato kek, ya tashi, yara sun lashe hannu, maza sun fara tambayar matansu a ina suka koyo. Kan Rufaida ya ɗan yi girma, ba sai an ɓoye ba. To, wa aka taɓa yaba wa shekara guda cur kansa bai motsa ba?

Da tumatir ya fara nuna a bana, ta ci karo da wata mata a bidiyo tana adana shi. A niƙa, a dafa har ya yi kauri, a sa gishiri, a zuba a kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe, a rufe, sannan a jera kwalaben cikin babbar tukunya a sake tafasa su kusan awa guda. Rufaida ta yi dariya. Ina kwalaben gilashi a Tama? Gorunan roba na lemo kuwa ga su nan zube a kowane lungu. Roba ba ta jure tafasasshen ruwa, don haka ta cire wannan matakin gaba ɗaya. A ganinta abin da aka riga aka dafa bai bukatar dafuwa ta biyu, matar dai mai gas ce, ba ta san wahalar icce ba. Sai ta aika wa mata cewa a bari ya huce, a ɗura a gora, a ɗiga mai a sama, a ɗaure murfi, zai shekara yana nan ja kamar yau aka tsinko shi.

Wadda ba a zaci za ta karɓi wannan magana ba ita ce Iya, uwar Surajo. A gida ɗaya suke zaune da Rufaida. Iya ta fi shekara arba'in tana kauda, kuma tata ce ake misali da ita a garin, ba ƙasa, ba baƙi, ba warin ruɓa. Tun rasuwar mijinta, garkarta ce ke riƙe miyar gidan, har ta aika wa 'yarta Asiya da ke aure a Keita. Tsohuwar ba ta da salula, sai dai ta zauna a tabarma ta ce a sa mata abin da ake faɗi. Ranar da ta ji saƙon tumatir, sai ta shafa ƙugunta ta ce, "Bayana ya gaji da duƙo bisa duwatsu. Bana yadda ɗiyata tac ce, hakanan za mu yi."

Ɗiyata take ce wa Rufaida, kuma har cikin ranta take faɗi. Rufaida kuwa kunyarta take ji irin ta matar ɗa. Ba ta cin abinci a gabanta, ba ta ɗaga mata murya, ba ta taɓa taka ɗakinta ba sai an kira ta. Tsinka ta fari da ta biyu duk suka dafa suka ɗura, gora sittin da 'yan kai, Iya ta jera su a ƙarƙashin gadonta. A bakin rijiya kuwa ba wadda ba ta ji labari ba. "Matar Surajo ta hutasshe ni," in ji ta, tana faɗi tana ƙarawa. Da mata suka ji Iya da kanta ta bar kauda, masu shakka ma suka bi. Saura tsinka ta ƙarshe, wadda aka sa ranar Alhamis.

Ranar Talata da hantsi Rufaida ta jawo kwalin da ta ajiye nata gorunan guda takwas, tana so ta buɗe ɗaya ta yi miya, ta ɗauki hoto ta tura wa mata. Gorar farko ta ƙi tsayuwa, gindinta ya kumbura ya zama kamar ƙwai. Ta taɓa ta biyu, ta ji ta tauri tamau. Da ta murɗa murfin sai ya yi tsiit, jan kumfa ya feso mata har gaban riga, wari ya cika ɗakin, wari mai tsami mai hawa kai. Ta buɗe ta uku, ta huɗu. Duk kanwar ja ce.

Ta zauna a bakin gado, ta nemo bidiyon ta sake kallo. Wannan karon ta gangara ƙasa inda mutane ke rubuta tambayoyi, wurin da ba ta taɓa damuwa da shi ba. Can ta ga wata ta tambaya ko za a iya yi da gorar roba ba tare da tafasa ta biyu ba. Matar bidiyo ta amsa da manyan baƙaƙe cewa kada a kuskura, tafasar nan ta biyu ita ce adanar gaba ɗaya, in babu ita abin zai lalace, kuma wanda ya ci yana iya kwanciya asibiti ko abin da ya fi haka. Rufaida ta karanta sau uku. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke sa mutum jin fitsari.

Abin yi a fili yake, yaro ma ya sani. Kamata ya yi ta danna salula ta gaya wa mata su zubar, ta je ta durƙusa gaban Iya ta ce a yanka tsinkar Alhamis a shanya, ko gidan ya samu na miyar damina. Amma faɗin hakan yana nufin ta tsaya gaban mata arba'in ta ce ita ce ta cire rabin girkin da son ranta, ta sa su suka ƙona iccensu suka lalata amfanin garkarsu. Yana nufin kuma tsohuwar da ta yi ta yabonta a bakin rijiya ta zama abin nuni. Ta danna wurin ɗaukar murya ta ce, "Salamu alaikum 'yan uwa," sai ta tsaya. Ta goge. Ta sake, ta kai har "akwai wata magana," ta goge. Ta kwashe gorunan a zani ta kai bayan gida ta tuttule a masai, ta wanke rigar, ta kunna turaren wuta.

Da la'asar ta kira mijinta. Surajo yana cikin hayaniyar kasuwa, da ƙyar yake jin ta. Da ya gane zancen sai ya ce, "Ke, ki yi shiru. In ya ɓaci kowa ya ce zahi na ya ɓata shi. Wa za ya bincike ki?" Ta ce, "To tumatirin Iya na Alhamis hwa?" Ya ce zai kira ta in ya tashi, ya kashe. Bai kira ba, kuma ita ma ba ta sake nemansa ba, domin ya faɗi abin da wani sashe na zuciyarta ke son ji, shi ya sa ta ji haushinsa.

Kafin magariba saƙo ya shigo zauren daga Keita. Asiya ce, yayar Surajo, da muryarta mai fara'a. Ta ce ita ce ta yi latti, amma gobe Laraba za ta tsinke garkarta kaf ta dafa, ta tara goruna har da na maƙwabta. Mata suka yi ta sa mata albarka. Rufaida ta saurara, ta ɗora yatsa a kan salular, ta ɗauke. Ta ce wa kanta bari ta fara da Iya tukuna, in ta gama da na gida sai ta kira Yaya Asiya ita kaɗai da sassafe. Haka mai jin tsoro yake yi, kullum yana da abin da zai fara yi tukuna.

Laraba da safe ta sami Iya a tsakar gida tana tsince wake. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe ta, ta yi ta murza bakin zaninta. Can ta ce, "Iya, nic ce ko na gobe mu yanka shi kauda? Kada a manta da ta gargajiya."

Iya ba ta ɗago ba. "Kauda kuma? Ba mu da goruna?"

"Akwai. Gani nay yi kamar..."

"Na sa an kawo icce. Yadda munka hwara, hakanan za mu ƙare."

Matar ɗa ba ta ja-in-ja da uwar miji. Rufaida ta ce to, ta tashi. Ta shiga ɗaki ta kwanta rub da ciki tana jin kanta kamar ɓarauniya. Ba ta kira Keita ba. Da azahar hotuna suka fara shigowa, goruna jere a tsakar gidan Asiya, jajaye, suna sheƙi a rana. Rufaida ta kife salular a kan katifa. Ranar ko ruwan kirki bai wuce mata ba, kuma duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai ta zaci an zo cewa wani ya ci ya kwanta.

Alhamis tun da sanyin safiya suka gangara kwari. Suka tsinke abin da ya rage, manya da ƙanana, kwando tara, aka ɗoro a amalanken jaki zuwa gida. Iya ta girka babbar tukunya a kan duwatsun murhu ta hura wuta. Tana daga tsugune tana gyara icce ta ce, "Ɗiyata, shiga ɗakina ki ɗauko buhun goruna, yana bayan ƙohwa. Gwiwata ta ƙi."

Rufaida ta cire takalmi ta shiga. Buhun na nan inda aka ce. Da ta duƙa za ta ɗauka, idonta ya faɗa ƙarƙashin gado, inda ta san gora sittin na jere. Wayam. Ba ko ɗaya, sai sharar tsintsiya a ƙasa. Ta kwance bakin buhun ta zaro gora guda. An wanke ta tas, amma a wuyanta, cikin zaren murfi, akwai jan da bai fita ba. Ta zaro wata, ita ma haka, gindinta ma bai gama komawa daidai ba. Ta kai hanci. Ƙarƙashin ƙamshin sabulu, warin nan na ranar Talata yana nan.

Ta fito da gorar a hannu. Ta zube a gaban murhu.

"Iya, waɗanga gorunan..."

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi gorar, ta mayar da ido kan wuta. Sannan ta ce, "Tun ran Lahadi nij ji warin. Guda ta hwashe ƙarƙashin gado. Kullum in kin tahi rijiya, sahe da marece, sai in kwashi goma in kai rami bayan gari."

"Kin sani, Iya? Kin sani kuma za ki sake zuba wanga?"

"To mi za ni yi? In nis shanya kauda bisa duwatsu, duk macen da taw wuce ta gani ta san magana. Su ce abin matar Surajo ƙarya na, ga uwar mijinta ta koma ma tsohon aiki. Ni da bakina niy yabe ki gaban mutane. Miyar shekara guda ta, ɗiyata. An yi shekarun da munka ci tuwo da kuka tsura, ba mu mutu ba."

Nan Rufaida ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe kwana biyu. Ita tana ɓoye wa tsohuwa don kunya, tsohuwa tana ɓoye mata don kada ta ji kunya, su biyu a gida ɗaya kowace na zagaya 'yar uwarta, ga abincin gidan na shirin shiga wuta a karo na uku. Da tsawa Iya ta yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta faɗi komai tana shessheƙa, kwalaben gilashi, tafasa ta biyu, yadda ta cire ta da ganin damarta, da abin da aka rubuta cewa yana iya kashe mutum.

Da Iya ta ji kalmar kisa sai hannunta ya tsaya. Ita a zatonta asara ce kawai.

Rufaida ta miƙa hannu ta zare iccen daga murhu ɗaya bayan ɗaya, ta turmusa su a ƙasa. Ta ɗauko salula. Iya ta ce, "Tsaya. A bi su gida gida a hankali, kak ki tona ma kanki asiri gaban duniya." Tun da aka kawo ta gidan nan Rufaida ba ta taɓa tsallake maganar Iya ba. Ta ce, "Ki gahwarce ni, Iya, su arba'in na, wata na iya buɗawa yau." Ta danna, ta yi magana da muryar da kuka ya dusashe. Ta ce kowa ta zubar da abin da ta ɗura, kada a ɗanɗana, kada a ba dabba. Ta ce matar bidiyo ba ta yi kuskure ba, ita Rufaida ce ta rage girkin. Ta ce mai sauran tumatir a garka ta yanka kauda. Ta saki yatsa, saƙon ya tafi.

Iya ta tashi da ƙyar ta ɗauko wuƙaƙe biyu da faranti. Suka zauna a inuwar zana suna tsaga tumatir. Salular na gefe tana ta ƙara. Wata ta yi salati. Wata ta ce Allah ya isa tsakaninta da wahalar iccenta. Wata ta ce dama ita ta ga nata na kumbura ta zaci haka yake yi. Mata uku suka fice daga zauren ba sallama. Rufaida tana sa kowane saƙo a fili, tana ji, tana yanka, don ta ga ba ta da hakkin toshe kunne.

Sai na Keita ya shigo. Muryar Asiya ba fara'a yau, a sanyaye take, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

"Rufaida, jiya jiyan nan nid dahwa nawa duka. Ko ƙwara guda ban bari ba cikin garka. Shekaranjiya da marece na kira salular maƙwabta anka ba Iya, nit tambaye ta ko abin na da kyau, tac ce mani in yi, nata lahiya lau. Ke ban tambaye ki komi ba. Abu guda nika son ki gaya mani gaban kowa. Iya ta san ya ɓaci sa'adda tac ce in yi?"

Wuƙar Iya ta tsaya a tsakiyar tumatir. Ruwansa ya gangaro ta bayan hannunta har gwiwar hannu, ba ta share ba. Rufaida ta dube ta. Ba ta san da wannan kiran ba sai yanzu. Tsohuwar ta rufa wa matar ɗanta asiri, ta bar 'yar cikinta ta zuba shekararta a wuta, kuma ga shi 'yar na tambaya a gaban mata arba'in. Fuskar Iya ta yamutse. Ta miƙo hannun nan da ruwan tumatir ya jiƙa ta ce, "Ba ni in gaya mata."

Rufaida ta janye salular. Ta share hawayenta da gefen kallabi, ta gyara murya yadda ba za a ji rawa a cikinta ba, ta danna.

"Yaya Asiya, Iya ba ta sani ba. Yanzu nig gaya mata, ga ta nan ko magana ta kasa. Ni kaɗai nis sani, tun ran Talata, kuma na ji saƙonki nay yi shiru. Ni za ki riƙe da laihi."

Ta saki yatsa. Alamar ta nuna Asiya ta saurara, amsa ba ta zo ba. Iya ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na girgiza, kuka take ba sauti. Rufaida ta jawo kwando na biyu kusa da ita, ta ɗauki wuƙa. Rana ta riga ta yi sama, kuma akwai kwando takwas da ke jiran a tsaga a kai su kan duwatsu kafin ta karkata.